Masana fiziks nawa sashen hoto yake buƙata, kuma yaya ake lissafa su?

Mai_Kasafi:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana fiziks na asibiti da ke wannan zaure. Idan asibitin koyarwa zai rubuta buƙatar ma'aikata ta shekara mai zuwa, da wace hujja za a ce sashen hoto, wato inda ake ɗaukar hoton cikin jiki, yana buƙatar masanin fiziks ɗaya, ko biyu, ko uku? Na likitoci da nas-nas akwai hanyar lissafi, ta yawan gadaje da marasa lafiya. Na fiziks kuwa abin da ake kawowa shi ne "dole a samu", babu lamba, kuma kwamitin kasafi ba ya buɗe gurbin da ba a kawo masa lamba ba. Mu ɗauki asibiti mai waɗannan kaya: CT 2, MRI 1, na'urar hoton mama 1, ɗakin zura bututu a jijiya 1, babbar fuloro (eksire mai nuna cikin jiki yana motsi) 1, ƙananan fuloro na ɗakin tiyata 3, ɗakunan eksire 4, eksire na turawa 3, sikanin 6, eksiren haƙori 2, allunan karanta hoto 8. Ma'aikatan da ke sa bajon auna hasken radiyeshin 80 ne.

Malamar_Fiziks:
Wa alaikumus salam, Yallaɓai. Lamba tana samuwa, amma ba daga ƙirga na'urori kaɗai ba. Awannin aiki ake ƙirgawa. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta fitar da rahoto a 2018, lamba 15 a jerin rahotanninta na lafiyar ɗan Adam, a kan wannan batu daidai, ta haɗa shi da jadawalin lissafi. Ta kasa aikin gida shida: wanda ya dogara da na'ura, wanda ya dogara da yawan marasa lafiya, kariya daga radiyeshin, hidimar sashe irin sayen kaya da tsara ɗakuna, horar da ma'aikata, sai koyarwar jami'a da bincike. Kowane gida a fitar da awanninsa na shekara, a tara, a raba da awannin da mutum ɗaya yake iya bayarwa.

Mu fara da abin rabawar, don a nan ake fara zamewa. Mako 52 sau kwana 5 ya ba da 260. A cire 30 na hutun shekara, 12 na hutun gwamnati, 8 na rashin lafiya da uzuri, 10 na kwas da taron ƙara ilimi. Saura 200. Sau awa 8, ya zama 1,600. Ku sa naku alkaluman idan ƙa'idar aikinku ta bambanta, amma kada a raba da 2,080, babu ma'aikacin da ke ba da haka.

Ma'auni:
Bari in ɗauki gidan na'urori, ranki ya daɗe. Alkaluman da zan kawo ƙiyasin aiki ne don a ga yadda lissafin ke tafiya, kowane asibiti ya musanya su da lokacin da ya auna da kansa.

CT ɗaya: babban gwajin shekara yana cin kamar awa 8 a gaban na'ura. A ciki akwai auna adadin haske da doguwar ma'auna mai tsawon milimita 100 a cikin fantom biyu, wato kayan gwaji da ke tsayawa a madadin jikin mutum, na kai mai faɗin santimita 16 da na gangar jiki mai 32, a rami na tsakiya da ramuka huɗu na gefe, a kowane kilobolt, wato ƙarfin wutar da ake ɗaukar hoto da shi. A kwatanta abin da aka auna da abin da allon na'ura yake nunawa, bambancin kada ya wuce kashi 20 cikin 100. A duba lambar CT, wato lambar da na'ura ke ba kowane abu a hoto: ta ruwa ta tsaya kusa da sifili, ta iska kusa da -1000. A duba kaurin yanka, daidaiton fitilar leza, tafiyar gado, dushi-dushin hoto da iya ganin ƙananan abubuwa. Nazarin sakamako da rubuta rahoto awa 6. Duba gwajin yau da kullum da masu ɗaukar hoto suka yi, awa 1 a wata, wato 12. Sake gwaji bayan canza tub, wato kwalbar da ke fitar da hasken eksire, ko babban gyara, 8. Bitar tsare-tsaren ɗauka da ke cikin na'ura, 16. Jimla 50. Biyu, 100.

Sauran a taƙaice: ɗakin zura bututu 60, babbar fuloro 25, ƙananan fuloro 12 kowace wato 36, ɗakunan eksire 16 kowane wato 64, na turawa 8 kowace wato 24, hoton mama 50, MRI 40, sikanin 5 kowace wato 30, na haƙori 4 kowace wato 8, alluna 2 kowane wato 16. Duka awa 453.

Hoton mama ya kai CT ne saboda iyakokinsa matsattsu ne. Ana duba ƙarfin matsi kada ya wuce niyuton 200, ana duba sashen da ke tsayar da haske da kansa a kauri daban-daban, ana lissafa adadin da ke shiga tsokar mama. A ƙa'idar Turai, fantom mai kaurin milimita 45 kada ya wuce 2.5 mGy, wato ma'aunin hasken da jiki ya sha. Ɗan kuskure a nan yana ɓoye ƙwayoyin alli ƙanana waɗanda kan iya zama alamar farko ta ciwon daji.

Mai_Kasafi:
Madalla, Malam. To 453 a raba da 1,600 ai 0.28 ne, bai kai sulusin mutum ɗaya ba. Idan na kai wannan gaban kwamiti za su ce a ɗauko ɗan kwangila ya zo sau biyu a shekara, a rufe maganar. Kuma a gaskiya ban ga abin da zan ce musu ba.

Injiniya:
Ni ma ina da ƙari a kan maganar Yallaɓai. Na'urar da ke ƙarƙashin kwangilar gyara, injiniyan kamfani yana zuwa duba ta lokaci-lokaci, yana saita ta, yana barin takarda. Wani ɓangare na awa 453 ɗin ba maimaici ba ne?

Ma'auni:
Ba maimaici ba ne, Injiniya. Injiniyan kamfani yana tabbatar da cewa na'ura tana aiki yadda masana'anta ta ƙera ta, da kayan awonsa, da iyakokin kamfaninsa. Masanin fiziks yana tabbatar da abu biyu da ba sa cikin takardarsa: nawa ne hasken da ya shiga jikin mara lafiya, kuma hoton ya isa likita ya yanke hukunci a kansa? Sannan mai sayar da hatsi ba shi ne ke tantance mudunsa ba. Bayan an canza tub ma a lokacin ne aka fi buƙatar awo mai zaman kansa, don sabon tub yana iya ba da haske fiye da tsohon a saiti iri ɗaya. Idan teburin saitin da ke manne a bango bai canza ba, kowane mara lafiya zai sha ƙari, kuma a na'urar dijital hoton ba zai yi baƙi ya tona asiri ba kamar zamanin fim. Sai ma ya ƙara kyau.

Likitan_Hoto:
Yallaɓai, ga abin da za ka ce musu. A 2009 aka gano a asibitin Cedars-Sinai da ke Los Anjelis a Amurka cewa marasa lafiya 206 da aka yi wa CT na zagayawar jini a ƙwaƙwalwa sun sha haske kusan ninki 8 na abin da ya kamata, cikin wata 18. Na'urar ba ta lalace ba. Tsarin ɗauka aka canza, adadin yana fitowa a allo, babu wanda aikinsa ne ya zauna ya duba. Sai da gashin wani mara lafiya ya zube aka farga. Ɗan kwangilar da ke zuwa sau biyu a shekara da fantom ɗinsa zai iya gwada irin wannan na'ura ya ce lafiyarta ƙalau, kuma gaskiya ya faɗa. Cutarwar tana cikin yadda ake amfani da ita kullum. Mu likitoci hoto muke kallo, idan ya fito fes ba ma tambayar nawa aka biya da jikin mutum. Wannan shi ya sa nake ganin lissafin na'ura shi ne ƙaramin ɓangare.

Malamar_Fiziks:
Haka ne, Likita, kuma lissafin zai nuna hakan. Gida na biyu, na marasa lafiya.

Na farko, tattara adadin hasken da ake bai wa mutane don a kwatanta da matakin ishara, wato adadin da idan ɗaki ya saba wuce shi sai a bincika dalili. Hukumar kariya daga radiyeshin ta duniya, ICRP, ta bayyana hanyar a 2017: kowane nau'in hoto a ɗauki aƙalla mutum 20, na CT da fuloro an fi so 30, na mama 50, manya masu matsakaicin nauyi, a fitar da adadin tsakiya na kowane ɗaki. Matakin ishara na ƙasa baki ɗaya kuma ana sa shi a inda kashi 75 cikin 100 na asibitoci suke ƙasa da shi. Inda babu manhajar da ke kwaso alkaluma daga na'ura da kanta, da hannu ake kwafa, a auna nauyin mutum, a jefar da layukan da ba su cika ba. Nau'i 10 a awa 12 kowane, 120.

Na biyu, gyaran tsarin ɗauka, wanda shi ne zuciyar aikin. Misali CT na yara: a kasa su bisa nauyi, a sauke kilobolt daga 120 zuwa 100 ko 80 inda ya dace, a rage tsawon wurin da ake ɗauka, a soke zagaye biyu ko uku inda ɗaya ya isa. Ba a yin wannan a rana ɗaya. Ana ragewa kaɗan, a zauna da likitan hoto a duba ko hoton yana karantuwa, a sake ragewa, har a kai inda likita zai ce a tsaya. Na sa awa 200 a shekara, kuma ban yi yawa ba.

Na uku, matar da aka ɗauka hoto sannan aka gano tana da ciki. Dole a lissafa abin da ya isa ga ɗan tayi a rubuce, domin a ƙasa da 100 mGy babu dalilin radiyeshin da zai sa a yi maganar zubar da ciki, kuma yawancin hotunan bincike suna ƙasa da haka nesa. Rashin wanda zai yi wannan lissafi yana jefa iyali cikin tsoron da ba shi da tushe. Mu ce 12 a shekara, awa 4 kowace, 48.

Na huɗu, ɗakin zura bututu. Fata tana fara ja daga kusan 2 Gy, wato 2,000 mGy, kuma ƙunar ba ta fitowa a ranar, sai bayan kwanaki ko makonni, lokacin mutum ya koma gida yana shafa maganin ƙaiƙayi. Idan adadin da na'ura ta tara a wurin da aka ƙayyade mata na awo ya kai 5 Gy, ko lokacin fuloro ya kai minti 60, ana lissafa abin da fata ta sha a sanar da likita a bi mara lafiya. Aiki 600 a shekara, duba kowane minti 10, awa 100. Waɗanda suka haye iyaka, 15 a awa 3, 45. Sai nazarin hotunan da aka sake ɗauka, awa 4 a wata, 48. Jimlar gidan 561.

Cif_Mai_Hoto:
Hajiya, ina so a yi adalci ga masu ɗaukar hoto a wannan lissafi. Ɗumama tub da safe, fantom ɗin ruwa na CT, goge faranti, duba allo, rubuta dalilin sake hoto, duk mu ke yi. Kada a rubuta su a awannin fiziks a kuma rubuta su a namu, kwamiti zai kama ninkin ya yi watsi da takardar baki ɗaya. Abin da muke buƙata daga masanin fiziks shi ne ya kafa mana lambar tushe da iyakar da idan an wuce ta za mu tsayar da aiki, ya koya mana, ya riƙa duba littafin. Inda babu mai dubawa, cikin 'yan watanni za ka ga lamba ɗaya ake kwafa kullum.

Abu na biyu, awa 8 da Malam ya sa wa CT awa 8 ne idan an ba shi na'urar. CT da ke da layi tun asuba ba a rufe ta da rana. Sai yamma ko Asabar, kuma idan an kawo wanda ya yi hatsari dole a sauke fantom a ɗora mutum. Wuta ta ɗauke, a jira janareto, na'ura ta sake tashi, a sake ɗumama tub. Gwajin yini ɗaya yana komawa yini biyu.

Malamar_Fiziks:
Gaskiyarka, Cif, a duka biyun. Awa 12 da Malam ya sa ta dubawa ce kawai, yin gwajin naku ne. Kuma nazarin sake hoto tare ake yi: ku ke tattarawa, mu ke rarrabawa bisa dalili, ɗaki da nau'in hoto. Ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka ta ba da shawarar a nufi kashi 8 cikin 100, a fara bincike idan an kai 10. Idan kuma aka ga ƙasa da 5, shi ma abin dubawa ne, ko ana goge hotuna ba a rubutawa, ko ana tura marasa kyau ga likita. Maganar ɓata lokaci kuwa za mu cire ta daga abin rabawa.

Ma'auni:
Gida na uku, kariya. Bajon ma'aikata 80: duba sakamako duk wata uku, awa 10 kowane zagaye, 40. Binciken wanda nasa ya hau, 20. Iyakar ma'aikaci, a mSv, wato ma'aunin haɗarin haske ga jiki, 20 ce a shekara a matsakaicin shekara 5, kada shekara ɗaya ta wuce 50, ta jama'a kuma 1 mSv. Tun 2011 aka sauke iyakar ƙwayar ido daga 150 zuwa 20, wannan ya ƙara aiki sosai a ɗakin zura bututu, don sai an bi tabarau na dalma da labulen da ke rataye da inda likita yake tsayawa. Rigunan dalma 60, kowace a haska ta a fuloro sau ɗaya a shekara a nemi tsagewa, minti 15, awa 15. Rigar da ake ninkewa maimakon ratayewa tana tsagewa a kan ninkin, daga waje kuma ba a gani. Auna yoyon haske a bango da ƙofa da tagar kallo na ɗakuna 11, awa 3 kowane, 33. Takardun lasisi da shirin zuwan masu duba na hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, NNRA, wadda ke da dokoki na musamman tun 2006 kan sashen hoto, 80. Binciken kurakurai, irin ɗaukar wanda ba shi ba ko ɓangaren da ba shi ba, 40. Zaman kwamiti 24. Tsaron MRI, wato shiyyoyi huɗu na shiga, layin iyakar ƙarfin maganaɗisu, tantance masu ƙarfe ko na'ura a jiki, 40. Jimla 292. Idan wani ne daban yake riƙe da muƙamin jami'in kariya, a cire abin da yake yi daga nan a rubuta a nasa.

Gida na huɗu: sababbin na'urori 2 a shekara, kowace awa 60, daga rubuta siffofin da za a saya, zuwa lissafin kaurin bango, zuwa gwajin karɓa kafin a biya kuɗin ƙarshe. 120. Kula da kayan awo da aika su a daidaita, 40. Taruka, rumbun hotuna na kwamfuta da rubuta ƙa'idojin aiki, 100. Jimla 260.

Gida na biyar da na shida zan haɗa su: horar da ma'aikata kan kariya 60, koyar da likitoci masu neman ƙwarewa awa 2 a mako na mako 40 da shirinsa 160, kula da ɗalibin fiziks ɗaya awa 4 a mako na mako 45, 180. Jimla 400. Ban sa bincike ba.

453 da 561 da 292 da 260 da 400 sun ba da 1,966. Na'urori ba su kai rubu'in wannan ba. A raba da 1,600, 1.23.

Malamar_Fiziks:
Ni zan cire kashi 15 cikin 100 daga 1,600 saboda abin da Cif ya faɗa, saura 1,360. Sai lambar ta zama 1.45.

Ma'auni:
A nan na ɗan saɓa miki, ranki ya daɗe. Ɗaukewar wuta da jiran na'ura ba su taɓa koyarwa da rubuta rahoto ba. Na fi so a ƙara kashi 30 a kan awannin da ake yi a gaban na'ura kaɗai, a bar abin rabawa yadda yake. Haka ya fi sauƙin karewa idan aka tambaya.

Malamar_Fiziks:
Na yarda ya fi sauƙin karewa. Amma awa 8 a ofis ba awa 8 na aikin da aka lissafa ba ne ko a ina, akwai salla, akwai kiran gaggawa, akwai neman mabuɗi da neman sa hannu. Ko ta wace hanya aka bi, lambar tana tsakanin 1.2 da 1.5, kuma amsar mutum biyu ce. Dalilin ba cika lamba kaɗai ba ne. Mutum ɗaya yana da kwana 60 na aiki da ba ya nan, kusan wata uku, tub kuwa ba ya jiran ya dawo kafin ya mutu. Sannan lissafin kaurin bango da lissafin abin da ɗan tayi ya sha suna buƙatar ido na biyu kafin a sa hannu.

Mai_Kasafi:
Na gamsu cewa ɗan kwangila bai isa ba. Amma ga hanyar da kwamiti zai bi, na san halinsa: a ɗauki ɗaya, ragowar 0.45 a aro daga sashen gashin ciwon daji, tunda can akwai masana fiziks. Mene ne aibin wannan?

Likitan_Hoto:
Aibinsa shi ne aron ba ya zuwa. A sashen gashi ba a fara wa mutum magani sai masanin fiziks ya duba tsarin ya sa hannu, saboda haka rashinsa yana tsayar da layi nan take. A sashen hoto rashinsa ba ya tsayar da komai, hoto yana ci gaba da fita. Duk ranar da ayyukan biyu suka yi karo, gashi ne zai ci, kuma daidai ne ya ci. Idan dole sai an yi aro, a rubuta ranakun a jadawalin aiki, a cire su daga lissafin sashen gashi a fili, a ga ko su ma za su iya ɗauka.

Ɗalibi:
Malamaina, ina da tambaya biyu. Me ya sa ba za a ɗauki alkaluman da ke cikin jadawalin IAEA ko na Tarayyar Turai a zuba yawan na'urori kawai ba? Sannan mu da ke karɓar horo, ana ƙirga mu a cikin mutum biyun?

Malamar_Fiziks:
Ƙanena, a zuba su mana, lallai ma a zuba, don kwamiti ya ga lamba daga waje kusa da tamu. Turai ta fitar da nata jagora a 2014 bayan dokarta ta 2013, ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka kuma a 2017 ta kasa aikin matakai: wanda doka ko masu tantancewa suka wajabta, wanda an san yadda ake yinsa amma zaɓi ne, da wanda sabo ne ana kan gina shi. Amma kowane alkalami yana ɗauke da zaton da aka yi a bayansa: cewa kayan awo suna nan, cewa akwai mai taimako da ke yin ƙananan gwaje-gwaje, cewa na'ura tana da takardar gwajin karɓa da za a kwatanta da ita. Idan zaton bai dace da asibitinka ba, sai ka gyara ka rubuta dalili. Idan taka da tasu sun yi nisa da juna ƙwarai, ka koma ka nemi abin da ɗayanku ya manta.

Ta biyun: a'a. Wanda ake ƙirgawa shi ne mai digiri na biyu a fiziks na asibiti da ya yi horon asibiti na aƙalla shekara 2 ƙarƙashin ƙwararre, a fannin da zai yi aiki. Haka IAEA ta bayyana a 2013, kuma tana da manhajar horo daban-daban ga gashi, ga hoto, da ga magungunan nukiliya. Wannan ma wani aibi ne na aron da Yallaɓai ya ambata: wanda ya ƙware a gashi ba lallai ya taɓa gwada na'urar hoton mama ba. Ɗalibi a shekarar farko cin awanni yake yi, shi ya sa Malam ya sa 180. A shekara ta biyu yana fara mayarwa, yana iya yin eksire na turawa da na haƙori a duba masa rahoto. Kada wannan ya karya maka gwiwa, wanda bai horar ba ba zai sami mutum na biyun da zai ɗauka ba.

Injiniya:
Akwai abin da lissafin bai nuna ba, shekarar farko. Idan asibiti bai taɓa samun masanin fiziks a sashen hoto ba, yawancin na'urori babu lambar tushe. Kowace sai an yi mata cikakken gwaji kamar sabuwa, kuma za a tono matsalolin da suka daɗe: hasken fitila da bai dace da filin eksire ba fiye da kashi 2 cikin 100 na nisan tub, matatar alminiyam da aka cire wajen gyara ba a mayar ba, kilobolt da ya kauce. Kowace matsala tana jawo gyara, kowane gyara yana jawo sake gwaji. Zan ninka gidan na'urori sau biyu a shekarar farko. Kuma a sa kuɗin kayan awo a takarda ɗaya da gurbin, in ba haka ba an ɗauki mutum an zaunar da shi.

Ma'auni:
Wannan ƙarin daidai ne. Mafi ƙarancin kaya: ma'aunar eksire mai karanta kilobolt da lokaci da adadi a harbi ɗaya, doguwar ma'aunar CT da fantom ɗinta, fantom na ingancin hoto na CT da mama da fuloro da MRI da sikanin, zanen alminiyam da na tagulla, ma'aunar yoyon haske, ma'aunar hasken allo, da ma'aunin zafi da na matsin iska. Na ƙarshen nan ana raina su. Ma'aunar da ke buɗe ga iska an daidaita ta a matsin 101.3 kilofaskal. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, matsin yana wajen 88, wanda bai gyara ba zai karanta ƙasa da gaskiya da kusan kashi 13 cikin 100, ya yi zaton na'ura ce ta yi rauni. Kayan kuma sai an riƙa aika su ɗakin daidaita ma'auni, irin na cibiyar kariya daga radiyeshin da bincike ta ƙasa, NIRPR, da ke Jami'ar Ibadan, duk shekara ɗaya ko biyu, kuma makonnin da suke can babu gwaji. A tsara hutun shekara ya faɗo a lokacin.

Cif_Mai_Hoto:
To ƙananan asibitoci fa? Babban asibitin ƙaramar hukuma mai ɗakin eksire 1, na turawa 1, sikanin 2 da na haƙori 1 ba zai taɓa samun gurbin masanin fiziks ba, kuma a nan ne yawancin mutanenmu suke ɗaukar hoto.

Malamar_Fiziks:
Kuma bai kamata ya nema ba. Ƙa'idojin kariya na duniya na 2014 sun ce a sashen hoto aikin awo da tabbatar da inganci ko masanin fiziks ya yi da kansa, ko a yi ƙarƙashin kulawarsa, ko da rubutacciyar shawararsa, gwargwadon sarƙaƙiyar aikin da haɗarinsa. Wannan ya buɗe ƙofar haɗa asibitoci. Da alkaluman Malam, na'urorin da ka lissafa awa 38 ne. A ƙara 60 na kariya da tattara adadin haske da horo, a ƙara kwana 4 na hanya don ziyara biyu, awa 32. Kusan 130. A raba 1,360 da 130, mutum ɗaya yana riƙe asibitoci 10. Jiha mai irin waɗannan 30 tana buƙatar mutum 3 a ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci, da mota, da kayan awo saiti biyu. Sharaɗin shi ne kowane asibiti ya ware mai ɗaukar hoto ɗaya da zai riƙe littafin gwaji ya turo sakamako duk wata. Idan aka sa CT a ɗaya daga cikinsu, nasa lissafin ya tashi daga 130 zuwa sama da 250, don ba awa 50 na na'ura kaɗai ya ƙaru ba, har da na marasa lafiya. Kuma a tuna fantom ɗin jiki na CT kaɗai ya kai kilo 14, shi ya sa motar take da muhimmanci.

Mai_Kasafi:
Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: ana shirin buɗe sashen magungunan nukiliya da kyamarar gama ɗaya, wato mai ɗaukar hasken da ke fitowa daga maganin da aka ba mara lafiya. In ƙara awa 50 kamar CT?

Ma'auni:
A'a, Yallaɓai, buɗe masa shafi daban. A can haske ba ya mutuwa da kashe makunni. Akwai gwajin daidaiton kyamara kowace safiya, gwajin tsakiyar juyawa, gwajin ma'aunar allura kullum da siziyom-137, gwajin gurɓatar tebura da ƙasa, karɓar kaya da rubuta su, da ajiye shara har ta huce. Teknishiyom-99m, ɗaya daga cikin sinadarai masu fitar da haske da ake ba mara lafiya, yana raguwa rabi duk awa 6, shararsa ba ta daɗewa. Ayodin-131 kuwa kwana 8 ne, shararsa tana zama watanni, kuma idan ana ba da shi a matsayin magani sai an auna mara lafiya kafin a sallame shi, a rubuta masa nisan da zai bari tsakaninsa da yara da masu ciki da kwana nawa. Maganin yana buƙatar masanin fiziks a wurin, ba shawara daga nesa ba, kuma wanda ya yi horon wannan fanni.

Malamar_Fiziks:
Ga takardar da za ka kai, Yallaɓai: shafi ɗaya na jerin na'urori da shekarar kowace, shafi ɗaya na yawan hotunan bara daga rajistar sashe ba daga ƙwaƙwalwa ba, shafi ɗaya na gidajen shida da awanninsu da zaton da aka yi a gefen kowane layi, sai lambar jadawalin IAEA kusa da taku. Ka rubuta a ƙasa waɗanne layuka ne ba za a yi ba idan mutum ɗaya aka amince, da sunansu, kwamiti ya zaɓa da kansa. Waɗanda aka ɗauka su riƙa rubuta lokacin da kowane aiki ya ci na wata 6 na farko, a musanya ƙiyasinmu da nasu. A sake lissafin duk shekara 2, ko ranar da aka sa hannu a kwangilar sabuwar CT ko ɗakin zura bututu, tun kafin a zuba tubalin ɗakin, don lissafin bango a lokacin ake buƙatarsa.